Ranar da Dila Ya Mayar da Kaji

Ranar Alhamis Mista Fagbenro ya kira Morenike ofishinsa, ko kujera bai nuna mata ba. Shi ne sabon shugaban shirye-shirye a gidan talabijin ɗinsu na Ibadan. Wata huɗu da dawowarsa daga Landan, har yanzu yana fama da kwat cikin zafin rana.

"Madam, Asabar ɗin nan ce ta ƙarshe a gare ki. Yaran yanzu matashiya suke so, kuma mun samo."

Morenike ta shekara ashirin tana yawon wasan kwaikwayo a bayan motar katako, daga Ilesha har Abeokuta, sannan ta shekara bakwai tana gabatar da shirin yara. Babu kasuwar da za ta shiga ba a yi mata ihu ba. Aikinta ta yi waƙa, ta tsokani yara, sai a saki guntun fim ɗin zane marar sauti, ita kuma ta ba kowace dabba baki da Yarabanci. Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, don ba ta da wata rayuwa bayan wannan. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta fita.

Ranar Asabar fim ya iso a makare. Aronsa ake yi daga wannan tasha zuwa waccan, kuma al'adar masu injin nuna fim ita ce wanda ya gama nunawa ba ya naɗe shi baya. Wanda ya karɓa ne ke naɗewa, don ya duba ko ya tsinke. Baba Ojelade, tsohon mai injin, ya ce wa Fagbenro, "Oga, bari in juya shi tukuna."

"Babu lokaci! A Landan fim a shirye yake zuwa. Saka shi!"

Ojelade ya dube shi sama da ƙasa, ya saka.

Morenike ba ta san an yi haka ba. Tana tsakiyar yara talatin a kan tabarma, shiri na tafiya kai tsaye, ta tafa hannu ta ce ga labarin dila ɓarawon kaji. Sai hoto ya fito ƙafa a sama, kai a ƙasa. Ga rijiya tana reto daga saman allo, ga dila ya fito daga cikinta yana gudu da baya.

Morenike ta dubi allon. Wato da wannan abin kunya za a sallame ta, a ce tsufa ne? Sai ta tuna ta taɓa ƙarasa wasa a Oyo cikin ruwan sama, rufin rumfa ya rufto kan 'yan kallo. Ta miƙe tsaye.

"Ku kuna zaune kamar buhunan doya! Wannan fim ba a kallonsa a zaune. Kowa ya juya baya, ya sunkuya, ya leƙo ta tsakanin ƙafafunsa. Ku ma na gida, maza!"

Yara suka tashi da ihu, suka sunkuya, hoto kuwa ya miƙe musu sarai.

"Iyaye mata, ku yi haƙuri," in ji ta. "Na san an ce yaron da ke leƙen nan ƙane yake kira. Baɗi sai ku gayyace ni suna."

Mai ɗaukar hoto ya yi dariya har na'urar ta girgiza. Ita kuwa ta sunkuya tare da yaran, ɗankwalinta na sharar ƙasa, ta ƙirƙiro labari nan take. Dila ne ya tuba a cikin rijiya. Kunya ce ta hana shi duban mutane, shi ya sa yake tafiya da baya. Manomi ma da sandarsa ja da baya yake yi, don mamaki. Da dila ya fara fito da kaji daga bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, da ransu da gashinsu, sai ta ƙanƙance murya: "Baba, ga taka. Wannan ma taka ce. Wallahi ko miya ban sa mata ba!" Wata yarinya ta faɗi kan tabarma don dariya.

Ta can ƙasan ne Morenike ta hango ɗakin injin ta gilashi. Ga Fagbenro da kwat ɗinsa, shi ma ya sunkuya yana leƙe. A bayansa sakatariya na riƙe da wayoyi biyu, ta rasa wadda za ta amsa.

Dila ya rufe akurki ya koma daji da baya, fim ya ƙare. Fagbenro ya lallaɓo gefen da hoto ba ya kaiwa, gumi ya jiƙa masa wuya, ya yi mata raɗa.

"Mama, duk gari ya kira. Asabar mai zuwa ki zo, don Allah."

Yau kuma ta zama Mama. Daɗi ya cika ta har ta ji ƙwalla, amma ba ta yarda a ƙare a raɗa ba. Ta kamo hannun kwat ɗinsa ta jawo shi gaban na'ura.

"Yara, ku gai da ogana, yana da saƙo. Faɗa da ƙarfi, ɗana, na Ogbomosho ma su ji."

Ya faɗa da ƙarfi.