Hutun Yaya

Da na buɗe wurin ɗura iskar gas, Yayana na ɗora a kan sikeli. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makaranta, saboda haka ban ma tsaya shawara da kowa ba. Ni ina ofis ina yanka rasit, shi yana rumfa yana cika tukwane.

Aikin ba wuya. A ɗora tukunya a sikeli, a jona tiyo, a ɗura har allon ya nuna kilon da mutum ya saya. Duk ƙarshen mako nakan duba abin da ya ragu a babban tanki in gwada da rasit, kullum su zo daidai. Har alfahari nake wa ƙawayena wai ni ba a ha'intata.

Yaya kuwa ba ya hutu. Ko zazzaɓi yake zai zo, fuska a murtuke, ya tsaya jikin sikelin nan. In wani ya ce zai karɓe shi ya je ya ci abinci, sai ya kore shi da hannu. Ni da wautata na ɗauka tsabar kishin ƙanwa ne.

Ciwon baya ne ya kayar da shi. Likita ya ce sai ya kwanta, matarsa ta zo har ofis ta wanke ni tas, wai zan kashe mata miji da aiki. Na karɓi makullan rumfa daga hannunsa da ƙyar, na sa rigar aiki na tsaya a sikelin da kaina.

Ba a daɗe ba mai gidan burodin da ke bayan layinmu ta leƙo. Ita ce babbar mai sayayyarmu.

"Kun sauya kamfanin da ke kawo muku gas ne?" ta tambaye ni.

"A'a, Anti. Wani abu ya faru?"

"Na wannan karon ya yi auki. Da har na gama shawarar barinku, don tukunyarku ba ta kai ni inda ta wasu ke kai ni. Ina jin nauyinki ne kawai."

Na yi mata godiya. Amma yabon bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Da yamma ina shirin rufewa sai ga wani mai babur, ya ɗauro ƙananan tukwane a baya. Ya leƙa rumfa, ya gan ni, ya yi turus.

"Ina mutumin?"

"Ba shi da lafiya. Me za a ba ka?"

"Na gefe nake karɓa a wajensa."

"Mene ne na gefe?"

Sai a lokacin ya dube ni da kyau. Ya tada babur ɗinsa ya yi gaba.

Na koma na tsuguna gaban sikelin. Farantinsa shuɗin fenti ne, amma kusurwar da Yaya ke tsayawa ta goge har ƙarfen yana ƙyalli. Na ɗora tukunya, na taka wurin da kan takalmina a hankali. Allon ya ƙara kilo guda. Kenan kowa yana tafiya da ƙasa da abin da ya biya, rarar tana taruwa a tanki, da yamma Yaya ya sayar wa mai babur ba rasit. Dole tanki ya yi daidai da rasit. Ba daga aljihuna yake ɗiba ba, daga tukwanen mutane ne, da sunana.

Na yi fushi, na kuma ji kunya kamar in nutse. Korarsa ba zan iya ba, Inna tana raye, kuma 'ya'yansa a nan suke ci. Barinsa haka kuma, na san ranar da mai burodi ta auna tukunyarta a wani wuri kasuwata ta mutu.

Na kira mai gyara ya juya allon sikelin ya fuskanci masu saye. Na sa ya ja layi da jan fenti a ƙasa, taku guda daga farantin. Na kafa doka: mai ɗuri a bayan layi zai tsaya, kuma kowa zai riƙa tafiya hutu ana karɓarsa, har ni.

Ranar da Yaya ya dawo, ya daɗe yana kallon layin. Ya dubi allon, ya dubi kusurwar da ta goge, wadda na hana a shafe ta da fenti.

"Inna ta sani?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba ta sani ba, Yaya. Ba kuma za ta ji daga bakina ba. Amma mai burodi zan cika mata tukunya kyauta har ƙarshen wata, daga albashinka."

Ya ɗauki tiyo, ya ja da baya ya tsaya bayan layin. Tun ina rarrafe Auta yake ce mini, ko a gaban ma'aikata.

"To, ranki ya daɗe," ya ce.

Har yau da haka yake kirana, ko a ɗakin Inna.