Takardar Mai Aski

A layinmu cewa ake yi Mai Aski ya san cikin kowa, amma ba wanda ya san nasa. Wai kafin ya gama maka aski ya ji shekarunka da abin da ya haɗa ka da surukinka. In ka tambayi nasa, sai ya danna maka ƙeya ya ce, "Sunkuya, kada in yanke ka."

Shagona na gyaran agogo yana jikin nasa. Ɗalibi yake kirana, don sai da na yi furfura na shiga ajin manya.

Wata Talata da hantsi ya shigo, ya ja ƙofa, ya miƙo mini takardar asibiti.

"Ɗalibi, karanta mini. Likita sai kewaye-kewaye yake yi."

Na karanta sau biyu, ina bin layi da yatsa. Ciwon hanta ne, kuma ya yi nisa.

"To," ya ce. "Kai bakinka da nauyi, shi ya sa na zo. Kada 'yata ta ji. Cikinta ya tsufa, in ta ji mota za ta hau, ga hanyar da nisa."

Ya ci gaba da aski, amma a zaune. Masu zuwa suna tsokanarsa wai ya zama babban mutum. Da rana yakan shigo wurina ya kwanta a benci, ya yi ta ba ni labarin marigayiya matarsa, ina ji ina ɗaure ƙananan kusoshi.

Ana nan har kusan wata biyu, ran nan 'yar tasa ta kira ni a waya.

"Baba, muryarsa ta canza. Me ke damunsa?"

Ya ɗago daga bencin yana girgiza mini kai.

"Mura ce," na ce.

Bayan kwana tara ya rasu. Ita kuma ta haihu kwana uku kafin nan.

Sai da ta yi ƙarfi ta zo kwashe kayan shagon. Ta zauna a kujerar askin da jaririn a cinya, tana zuba almakasai a kwali.

"Abin da ke sanyaya mini zuciya, Baba, bai sha jinya ba. Da ya kwanta ai da kun faɗa mini, da ko a ƙafa na zo."

Na daɗe ina kallon tsintsiyar da ke jingine a bayan ƙofa.

"Wata biyu ya yi yana fama," na ce. "Ni na karanta masa takardar. Ranar da kika kira ni, yana kwance a gabana. Ki yafe mini, 'yata."