Sunan Aro

Turai tana kan turmi na uku tun hantsi aka aiko mata cewa Alhaji na kira a zaure. Ba ta ajiye taɓarya nan take ba. Shekara tara ke nan tana dakau a gidan Alhaji Nata'ala da ke Madabo, tun da mijinta, wani marini na Ƙofar Mata, ya yi ciwon kwana uku ya tafi ya bar ta da ɗa guda. A shekara taran nan sau ɗaya tak aka taɓa kiranta zaure, kuma ba ta ji daɗin wancan kiran ba.

Wancan karon, shekara huɗu baya, mai unguwa ne ya kawo saƙo cewa kowane babban gida sai ya ba da yaro a sa shi boko. Alhaji yana da ɗa, Ilu, yana ji da shi kamar tsoka ɗaya a miya. Ina zai iya miƙa shi ga karatun Nasara? Sai ya leƙa tsakar gida, idonsa ya faɗa kan Audu, ɗan mai dakau, yana tsince tsakuwa a gero. Aka wanke shi, aka zura masa rigar Ilu, aka kai shi elementare, aka rubuta Ilu Nata'ala. Ba shawararta aka nema ba, sanar da ita aka yi. Ta yi kukanta kwana biyu ta share hawaye, don wanda aka yi wa alfarmar ɗaki ba ya ɗaga murya.

Ashe yaron kai gare shi. Ilun gaskiya yana kasuwar Kurmi yana koyon zaɓen goro, na aron kuwa ya cika bangon madafi da rubutun gawayi, har matan gida suka gaji da faɗa suka ƙyale shi.

Turai ta gyara mayafi ta tsuguna a bakin ƙofar zaure. Alhaji na kan buzunsa, fuska sai walƙiya take. Gefensa Malam Ɗanladi ne, hedimastan elementare, da takarda a kan gwiwa. Audu yana durƙushe a lungu, kansa a ƙasa.

"Turai, albishirinki," in ji Alhaji. "Ɗana ya ci makarantar Midil! Yara arba'in da biyu suka zauna jarrabawa, uku kaɗai aka ɗauka."

Ɗana, wai. Mutumin da shekara huɗu bai taɓa tambayar ko yaron yana da alli ba. To amma zamani ya juya, yanzu 'yan Midil ne akawuna da malaman asibiti, kuma in itace ya yi inuwa ba a rasa mai jawo tabarma. Turai ta ce, "Alhamdu lillahi." Bayanta ciwo yake, so take a sallame ta.

Malam Ɗanladi ya yi gyaran murya. Shi ma da gani ya sha yawon zauruka yau, takalmansa duk taɓo.

"Baiwar Allah, ni na sa a kira ki. An umarce mu mu tabbatar da kowane yaro kafin mu aika sunansa, don an gano ana musanya 'ya'ya. Na ji ana cewa ke kika haife shi. In haka ne, wanda ya ci jarrabawa a takarda daban, wannan yaron daban. Dole gurbin ya koma ga na huɗu. Baɗi kuwa shekarunsa sun wuce." Bai kalle ta ba, alƙalaminsa yake juyawa. "Ni dai abin da kika faɗa shi zan rubuta. Yaya sunansa, ɗan wane ne?"

Alhaji ya daina murmushi.

Turai ta san Malam ya sani. Duk Madabo an sani. Ƙofa ce ya buɗe mata, ya rage nata ta shiga ko ta ƙi. A Midil, an ce, abinci sau uku, ga gado, ga tufafi daga En'e, hukumar sarki. In babu Midil, sai karofi, hannu shuɗi har gwiwa kamar na ubansa, ko ɗaukar huhun goro a bayan Ilu har tsufa.

Amma abin da ake tambayarta shi ne kaɗai gadon da marinin ya bari. Sunaye biyu ne, kuma ko ɗaya bakinta bai taɓa kamawa ba. Audu ɗan fari ne, kunya ba ta bari uwa ta faɗi sunansa; "kai yaron nan" take cewa. Na miji kuwa wace mace ce ke faɗa? "Marigayi" ya ishe ta. A zuciya take riƙe da su, ita kaɗai a gidan nan, kuma in alƙalamin nan ya bushe yau, haka za a san yaron a ofis, haka za a ɗaura masa aure, haka za a kira 'ya'yansa. Ta ji wata gajiya wadda ba ta taɓarya ba ce.

"Goyonsa na yi, Malam," ta ce. "Raino aka ba ni."

"Sunansa fa?"

Ta ɗauka zai yi mata nauyi. Ko kusa. Ai ba sunan ɗanta ba ne, babu kunyar da za ta riƙe mata harshe.

"Ilu," ta ce. "Ilu Nata'ala."

Yaron ya ɗago kai da sauri, yadda ya saba kowace safiya in ana kiran suna a aji.

"Na'am."

Malam Ɗanladi ya sunkuyar da kai ya rubuta. Alhaji ya shafa gemu yana sa albarka. Turai kuwa ta dafa bango ta miƙe. Shekara goma sha biyu da haihuwarsa, yau ne karo na farko da ta kira ɗanta da suna, ya kuwa amsa.