Injin Sharar da Muka Saya wa Jirgi

Ni dai ban taɓa son ruwa ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Mu mutanen Dabai ne, a kan dutse aka haife mu, ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na sama. Amma ƙanena Mika, da aka gama yaƙin basasa aka sallame shi daga soja, sai ya ce shi fa ba zai koma riƙe fartanya ba. Ya tafi Yelwa ya kama aiki a jirgin ruwan wasu Turawa masu binciken kifi a tafkin Kainji, bai tsaya nan ba har ya ja autanmu Sila ya bi shi. Duk tsawon yaƙin nan Mika ko ƙwarzane bai samu ba. Ruwa ne ya ci shi, da rana tsaka, a farkon damina, iska ta taso yana kan jirgi yana ƙoƙarin ɗaure igiya. Masunta sun yi nema har suka gaji, ko hularsa ba a gani ba.

A zuriyarmu, idan mutum ya mutu ba a samu gawarsa ba, ƙasar wurin da ya taka na ƙarshe ake ɗebowa, a naɗe a farin ƙyalle, a binne a kan dutse kusa da kakanninsa. Mun shiga coci tun ina yarinya, amma wannan ba mu bari ba, fasto ma yakan bi mu ya yi addu'a. Sai an yi haka uwa take fita daga makoki ta koma cin abinci da mutane.

Sila ya cika gwangwani da yashin bakin ruwa ya kawo. Mahaifiyarmu, Inna Leah, ta dubi gwangwanin ta dube shi.

"A nan ɗana ya tsaya na ƙarshe?"

"A'a Inna, a nan dai ya shiga jirgi."

"To mayar musu da yashinsu. Wa bai taka wannan ba? Har jakai."

Daga ranar ta koma bakin ƙofar ɗakinta ta zauna. In na kai tuwo sai ta ture, kunu ma sai na yi da gaske take kurɓa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira fasto, duk a banza. Dawa ta fitar da kai a gona, ita kuwa zanenta har ya fara zagaye ta sau biyu. Na san in ba a binne Mika ba, ita za mu binne, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Ana haka sai ga Sila ya dawo daga Yelwa da magana. Ya ce Turawan sun gama aikinsu za su sayar da jirgin, Baturen da yake wa aiki ya ce a share ko'ina kafin masu saye su zo. A cikin jirgin akwai wani ɗan ɗaki inda Mika yake kwana, kuma tun ranar da abin ya faru Sila ya kulle shi bai bar kowa ya shiga ba. Daga ɗakin nan Mika ya fito a guje ba takalmi da iskar ta taso. Saman jirgi kullum ruwa na wanke shi, amma ɗakin an manna masa kafet a ƙasa, ƙurar ƙafar Mika tana nan ta shige ciki, tsintsiya ba ta fitar da ita.

"Yaya Larai," in ji shi, "Baturen ya ce in nemo injin shara, wanda ke tsotse ƙura. Na ce masa a Zuru na taɓa gani, a shagon Obiora."

Na ce, "Tashi mu tafi. Kai kaɗai ba na yarda da zaɓenka, kai da ka kawo wa Inna yashi."

Obiora Ibo ne, a gabanmu ya gudu lokacin tashin hankali, a gabanmu kuma ya dawo bayan yaƙi ya sake buɗe shagonsa kusa da kasuwa. Hausarsa ta fi tawa, ba na jin kunyar faɗa. A shekarun nan hafsoshin sojanmu suna dawowa gida hutu da motoci da janareta, shi kuma duk abin da ya san zai ja idonsu sai ya ɗauko daga Kaduna. Matarsa Obiageli tana da keken ɗinki a ƙofar shagon.

"Injin shara a jirgin ruwa?" Obiora ya yi dariya. "Sila, kifi ne ke shigo muku da ƙura?"

Ba wanda ya taya shi. Ya shiga ciki ya fito da guda biyu. Na farko ƙato ne mai ƙafafun taya da dogon hanci, yana ta ƙyalli. Sila na ganinsa ya ce wannan, ai Bature zai ji daɗi. Haka yake tun yana ƙarami, babban abu ke ruɗarsa.

Obiora ya tambaye shi, "Wace irin wuta kuke da ita a jirgin?"

"Batir."

"To cire idonka daga wannan, wutar gida yake ci. Kuma jakar cikinsa ta takarda ce. A kan ruwa komai laima yake yi, kafin ka ankara ta jiƙe ta fashe."

Da na ji kalmar fashewa ban jira ƙarin bayani ba. Na ce a ajiye shi can.

Na biyun ƙarami ne, bai fi tulun yara ba, an yi shi don share cikin mota. Yana da waya mai baki biyu da ake maƙala wa batir, da siririn hanci mai shiga lungu, a bayansa kuma wata jakar ƙyalle ruwan toka. Obiora ya ce wani hafsa ne ya saya ya yi amfani da shi kaɗan ya dawo da shi. Ya jawo batirin mota daga ƙarƙashin kanta, ya maƙala, abin ya kama kuka. Ya watsa garin rogo a ƙasa ya bi da hancin, nan take garin ya ɓace. Sila har da tafi.

Ni kuwa ba hancin nake kallo ba, bayan nake kallo. Rana ta shigo ta ƙofar shagon, sai na ga wani siririn farin hayaƙi yana fita ta ɗinkin jakar yana bin iska.

Na ce, "Kashe! Kashe shi! Mene ne wancan ke fita?"

"Haba uwargida, ɗan wannan? Ai kowane inji yana yi. Ƙura ce fa, ba zinariya ba."

Wallahi ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Na ce, "Ƙanena ne! Ruwa ya cinye shi sau ɗaya, kana so wannan abin ya sake hura min shi cikin ruwa?"

Keken Obiageli ya tsaya. Sila ya sunkuyar da kai, shi ya yi musu bayani. Ya faɗi yadda ake yi a gidanmu, ya faɗi ɗakin da kafet ɗin, ya faɗi halin da Inna take ciki.

Obiora ya zare wayar daga batir a hankali. Ya san Mika, ya kuma san a wane ɓangare Mika ya yi yaƙi. Na zaci zai ce mu je mu nema wani wuri, kuma da ya faɗa ba zan ga laifinsa ba. Ya daɗe yana naɗe wayar a hannunsa.

Ya ce, "Nawa ƙanen a daji ya faɗi, can wajenmu. Ba wanda ya san gindin itacen da yake. Uwarmu ta mutu tana tambaya." Ya ajiye injin a kan kanta. "Ku yi haƙuri da dariyar da na yi."

Daga nan ba a sake maganar ciniki ba, aiki aka shiga. Ya kwance jakar ya juye ta a waje, ƙurar motar hafsa da ɓawon gyaɗa suka zubo. Na ce ko an wanke ta ba na so, ba za a haɗa min Mika da dattin wani ba. Obiageli ta taso ta karɓi jakar tana jujjuyawa.

"Yaya, a me kuke naɗe shi in za ku binne?"

"Farin ƙyalle."

"To me zai hana jakar ta zama farin ƙyallen? Ba sai an juye ba. In an gama ku zare ta ku ɗaure bakin."

Ta ɗauko sabon farin yadi, ta ninka shi biyu don kada ƙura ta ratsa, ta bi kowane gefe da ɗinki ta sake bi. Biyu ta ɗinka, ɗaya ta gwaji. Obiora ya kwance hancin da bututun ya goge cikinsu da tsumma har tsumman ya fito fari. Ya ɗaura jakar gwajin, ya watsa gari, ya kunna, mu huɗu muka durƙusa muna kallon bayan injin a cikin hasken rana. Ba abin da ya fita. Ya nuna wa Sila yadda zai bi lungu, ya ce kada ya yi gaggawa, kuma ya rufe taga saboda iska.

Na bi Sila Yelwa. Ni Larai na taka jirgin ruwa, ina riƙe da rigarsa kamar makauniya. Ɗakin ko tsayuwa sosai ba a yi a ciki. Takalman Mika na soja suna nan a bakin gado. Sila ya maƙala waya, ni na riƙe hancin, na bi kafet ɗin daga bango zuwa bango, na sake bi, ina kuka injin na kuka. Da muka gama na zare jakar na ɗaure bakinta da zare. Injin muka bar wa Bature ya share sauran jirginsa da tsohuwar jakar.

Da muka iso Dabai Inna tana inda muka bar ta. Na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu. Na ce, "Inna, daga ɗakinsa ne. Ba wanda ya taka bayansa."

Ta dubi Sila. Ya ce, "Na rantse, Inna. Ni na kulle, ni na buɗe."

Ta karɓa. Ƙullin bai fi dunƙulen hannu ba. Ta ɗora shi a tafinta tana ɗagawa tana saukewa, ta kai hanci ta shinshina, ta daɗe haka. Na ji tsoron za ta ce a mayar. Sai ta yi magana da yarenmu, a hankali, ba da mu take ba.

"Ranar da na haife ka ma ka fi haka nauyi."

Ta ce in ɗaga ta. Na kama ta ta miƙe, ba nauyin komai a jikinta ita ma. Sila ya miƙa hannu zai karɓi ƙullin, ta ture hannun. Ta sunkuya ta ɗora shi a bayanta, ta jawo zane ta goya shi, ta ɗaure a ƙirji.

"A kira fasto da masu haƙa," in ji ta. "Larai, ki ɗora tukunya kafin mu sauko."

Ta kama hanyar dutse da ƙafarta, tana ɗan bubbuga goyon da hannu ɗaya, mu kuma muka bi ta a baya.