Rediyon Yari Ya Buɗe Baki

A Gidan Nagode, wani ɗan ƙauye da ke bakin gulbi a ƙasar Maradun, rediyo ɗaya ne tal, kuma na Yari ne. Gadonsa ya yi wurin ubansa, wanda ya yi wa wani Bature kuku a Gusau. Ba irin 'yan ƙananan nan da ake ratayawa a kafaɗa ba ne. Ƙaton akwati ne na katako, sai mutum biyu sun kama, da batirin mota yake aiki, a cikinsa kuma akwai wasu 'yan kwalabe da sai sun yi ja kamar garwashi kafin ya ce uffan. To, tsufa ya cinye masa murya. In an kunna, shuuu kawai ake ji, sai wanda ya manna kunne a ƙyallen gabansa ne zai tsinci magana can ƙasa-ƙasa. Kunnen da ke da izinin mannawa kuwa ɗaya ne a duk garin.

In ka cire wannan, wallahi Yari ba kowa ba ne. Gonarsa ciyawa ta fi gero yawa, karatunsa bai wuce na salla ba. Amma da an sallame la'asar, sai ka ga dattawa masu furfura sun tsugunna a ƙofar zaurensa, shi kuwa ya harɗe a kan buzu, ya lumshe ido, ya ɗaga hannu alamar a yi shiru. Can sai ya ɗago, ya yi gyaran murya, a ce, "Mi ya ce, Yari?" Ya faɗi abin da ya ji, ya ƙara gishiri, wata rana ma gishirin ya fi miyar yawa. Goro ba ya yanke masa, in an yi suna kan rago nasa ne.

Da aka fara aikin madatsar Bakolori, masu awo suka zo suka kakkafa turaku masu jan fenti, alamar inda ruwa zai kai, har bayan masallaci, hankalin kowa ya tashi. Nan kasuwar Yari ta buɗe. Ya lura duk ranar da ya faɗi mai daɗi goro ya fi yawa, saboda haka rediyo ya koma faɗin mai daɗi. Yau ya ce ruwa ba zai wuce tsamiyar bakin gulbi ba. Gobe ya ce an ambaci Gidan Nagode da suna, an ce manya suna sane da su. Ƙauyukan maƙwabta suna ta ciccire jinka suna neman tudu, mutanen Gidan Nagode suna yaɓen rumbu.

Kwatsam rediyo ya mutu murus. Ba ja, ba shuuu. Yari ya manna kunne har ya yi zafi, amma ko makaho ya san akwatin ba rai. Dattawa suka fara watsewa, wani ma ya ce zai aika a sayo ƙarami a Gusau. Ranar kasuwa Yari ya roƙi maƙwabcinsa Hamma ya kama masa, suka ɗora akwatin a a-kori-kura sai Talata Mafara, rumfar Dikko mai gyaran rediyo.

Bayan an daɗe ana gaisawa, an tambayi gida da gajiya da ruwa, Yari ya ja Dikko gefe ya rage murya.

"Malam Dikko, ka mai da shi yadda yake kawai. Shuuu ɗin nan ta ishe ni, kada ka wahal da kanka."

Dikko ko kallonsa bai yi ba, idonsa na kan akwatin. Rabon da irinsa ya shigo rumfar nan har ya manta. Ya kwance bayan, ya leƙa, ya ja da baya yana salati.

"Subhanallahi! Wanga rediyo ne ko akurki?"

Ƙura ta yi kauri kamar bargo, kyankyasai suka watse ko'ina, ga busasshiyar tsaka a kwance kan wayoyi. Babban abin kuwa, zanzaro ya gina gidansa na laka a kan takardar lasifika, ɗaki bisa ɗaki, ya danne ta ba ta ko motsi. Dikko ya naɗe hannun riga. Ya zare kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya goge kowace da tsumma mai laushi, ya kankare tsatsar ƙafafunsu. Ya bi lungu-lungu da gashin kaza, ya ɗiga kananzir inda ya cije, ya narka dalma ya haɗa wayar da ɓera ya ci. Sannan ya ɗauki tsinke ya shiga rushe gidan zanzaro a hankali, yana hurawa. Duk ɓarɓashin da ya faɗo, Yari ji yake kamar daga katangar gidansa ne.

"Ai ya isa haka nan," in ji Yari.

"Ni ba ni yin rabin aiki," in ji Dikko, ya shafe katakon da man gyaɗa har yana ɗaukar ido.

Aka jona batir. Kwalabe suka yi ja. Sai wata murya ta fashe kamar ta sanƙira, har mai fura da ke wucewa ta yi tuntuɓe. Hamma ya yi tsalle yana kabbara. Yari ya kai hannu ya murɗa abin rage murya, ya murɗa, abin sai juyawa yake a banza.

"Wannan ya ci tuntuni," in ji Dikko. "Babu irinai ko a Sakkwato. Na haɗe shi kai tsaye."

"To a ɗan mayar da ƙurar mana."

Dikko ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kowa kawo mani yake a ƙara murya, kai ka zo a toshe? Ɗauki kayanka, Allah shi kiyaye hanya."

A mota Yari ya yi ta addu'ar wani rami ya girgiza akwatin ya koma gidan jiya. Ina! Hamma ya rungume shi kamar jariri, kuma tun kafin su sauke ya shelanta wa gari.

Da la'asar ƙofar zaure ta cika, har mata suna leƙe ta saman darni. Yari ya hau buzunsa, ya jona waya. Aka fara labarai, kowace kalma fes. Don sabo ya ɗaga hannu ya ce, "Ya ce..."

"Mun jiya," in ji wani daga baya.

Aka zo kan madatsa. Mai karatu ya ce aiki na tafiya yadda ake so, ya lissafa shinkafa da alkama da tumatir da za a noma rani da damina, ya ce ba da jimawa ba za a tare ruwa. Mutane suka miƙa wuya suna jiran tsamiyar bakin gulbi, suna jiran sunan garinsu. Sai aka saki kiɗan kalangu.

Hindu, tsohuwar da ta sa jikokinta sake yaɓe mata ɗaki saboda maganar rediyo, ta yi magana daga bayan darni.

"Yari, ina wurin da ake faɗin namu?"

"Inna, gyaran nan ne ya ɓata shi. Da can yana faɗi."

Da zaginsa aka yi, da ya ji sauƙi. Dattawa suka kaɗe riguna suka tashi, kowa na kallon jinkar ɗakinsa yana auna yadda za ta ɗauku.

Washegari bayan la'asar suka dawo, don yanzu ne ma suke buƙatar labari. Ba goro a hannun kowa. Yari ya jona batir ya nufi buzunsa, sai wayar ta zame, murya ta ɗauke.

"Koma ka riƙe ta," in ji Hamma. "Dama kana tare muna gaban rediyo."

Yari ya zagaya bayan akwatin ya tsugunna, ya danne waya da ɗan yatsa. Daga nan ba ya ganin kowa, ba kuma wanda ya leƙo ya gan shi har aka gama labarai.