Ɓauren Bayan Katanga

Shekara uku Sauda ta yi tana renon itatuwan ɓaure huɗu a bayan gidansu a Achida. Daga makarantar koyon aikin gona ta kawo dashen, irin mai manyan 'ya'ya da zaƙi. A bana suka fara haihuwa sosai, a bana kuma birai suka bayyana.

Da can ba a ganin biri a cikin gari. Tun da 'yan bindiga suka mamaye dajin gabas, sai ga jajayen birai garke guda a kan katanga kowane hantsi, ramammu, ba sa ma tsoron jifa. Sauda ta lulluɓe rassan da tsofaffin gidajen sauro, suka yage. Ta jera ƙaya a kan katanga, ta rataya gwangwanaye a igiya. Kwana biyu suka saba da ƙarar.

"Bokonki ya ƙare?" in ji Baffa Ɗahiru, ƙanen mahaifinta, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar uban. "Biri ba a yi mai lissahi, ɗiyata. Magani aka ba shi."

"Wane magani, Baffa?"

Ya nuna kwalbar maganin ƙwarin albasa da ke ajiye a tagar zaure, ba murfin kirki, inda kowane hannu zai iya kaiwa. Haka take a rabin gidajen unguwar. In ka yi magana a ce Allah ke tsarewa, kamar Allah bai ba mutum hankali ba.

"Don Allah kar ka taɓa min ɓaure da wannan. Ka san wanda ya faɗa waje na Inna Kyauta ne."

Abin da reshe ya zubar a bayan katanga na mai wucewa ne, kowa a garin ya san wannan. Inna Kyauta, tsohuwa daga Rara, tana cikin waɗanda suka gudo suka sauka a wata makarantar firamare a bakin gari. Kullum da safe takan biyo ta lungun da ƙwaryarta, ta tsinci abin da ya faɗi ta kai wa jikokinta mata biyu.

"Na ji," in ji Baffa, yana kaɗa hannu.

Ranar Laraba Sauda ta dawo daga ɗebo ruwa, ta zagaya lambun. Warin ne ya fara tarbarta, wari mai kama maƙogwaro. A gindin katanga ga kwalbar, ta ragu, da tsinken da aka huda ɓaure da shi aka ɗura maganin. Ta taka turmi ta leƙa waje. Babu ɓaure ko ɗaya a lungun. Babu sawun biri a ƙasa. Sawun silifa kawai, mai lanƙwasa ta gefen hagu, irin tafiyar Inna Kyauta.

Ta sami Baffa a zaure yana shan koko.

"Baffa, ina ka zuba su?"

"Bisa katanga na aza su. Na birai na, ba na mutane ba."

"Iska ba ta kaɗo abu? Biri ba ya turo abu ƙasa?"

"Ke, rage murya. In sha Allahu ba komi."

Ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta fizgi hijabi ta bi lungu da gudu, ta wuce masu awon shinkafa, ta wuce tashar babura, ana kiran sunanta ba ta waiwaya ba.

A harabar makarantar mata na hura wuta a murhun duwatsu. Inna Kyauta na zaune a inuwar aji, ƙwaryar a gabanta an rufe da faifai, an danne da dutse. Jikokin na can gefe suna kitsa wa juna kai.

"Inna! Sun ci?"

Tsohuwar ta ɗaga ido a hankali. "Shekara arba'in ina noman albasa. Kina zaton ban san warin wanga abu ba?"

Sauda ta durƙusa a gabanta.

"Abu guda nika son sani," in ji Inna Kyauta. "In kun gaji da mu, mi ya hana ku hwaɗi da baki?"

"Wallahi, Inna, birai aka sa wa. Ba ni ba ce, kuma ba ku ake nufi ba."

"Birai." Ta jinjina kai. "Cikin sati guda munka baro daji, mu da su. Su ma koro su anka yi."

Ta ɗage faifan. Guda bakwai ne, kowanne da hudar tsinke.

"Waɗanga na iske ƙasa. Na ga wasu bisa katanga, hannuna bai kai ba."

Sauda ta tuna abin da ta gani da ta taka turmi. Katangar wayam take, sai ƙaya. A daidai lokacin nan ne kuma mata masu tallar fura da 'yan makarantar Islamiyya ke ratsa lungun.

Ta rungumi ƙwaryar ta koma gida. Baffa na nan inda ta bar shi, ya gama kokonsa, yana sauraren rediyo.

"Kin gani? Ba na ce miki ba komi ba?"

Ta ajiye ƙwaryar a gabansa, ta buɗe.

"Bakwai ne a nan, Baffa. Guda nawa ka huda?"

Ya dubi ɓauren, ya dubi kwalbar da ta ɗauko a ɗaya hannun. Ya rage muryar rediyon.

"Wa ya ƙidaya?" in ji shi.