Rabin Filin Baba Gershon

Martins dillali ya ja igiyar awo daga gindin mangwaro har bayan gida, ya bi da ita ta kan kabarin Mama Rachael, matar Baba Gershon, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan sumuntin yana latsa waya.

"Oga, ƙafarka," in ji Ƙauna. "Mutum ne a ƙasan nan."

"Sori, madam."

Ƙauna maƙwabciya ce, katanga ɗaya ta raba su. Da goyo a bayanta, da kwanon faten acca a hannu. Tun da ƙafafun Baba Gershon suka kumbura ita ke kawo masa abinci. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, 'yarsa guda tana aure a Maraban Rido. Likita ya ce ƙoda ce, sai an kai shi Jos, shi kuwa ba shi da abin sayarwa sai wannan fili.

Martins ya dawo baranda ya durƙusa gaban kujerar tsohon.

"Baba, ni ba na cutar mutane. Kashi biyu cikin ɗari kawai zan ɗauka. Mai saye yana hannu, shaguna zai gina. Ka ce e yau, satin nan alat na banki ya shigo."

"Gaban filin kaɗai nake sayarwa."

"Duka yake so, Baba. Zai kama maka ɗaki a gari."

"Matata fa?"

"A tone a kai makabarta, ko a zuba kankare a kai. Mama tana wurin Ubangiji, ƙashi ne ya rage."

Ƙauna ta miƙa wa Baba abincin. Ya karɓi kwanon ya ajiye a cinya, bai buɗe ba.

Washegari Madam Bernice ta zo a kan acaɓa. Ita ma dillaliyar filaye ce, 'yar cocinsu. Kafin ta auna komai ta zagaya baya, ta tsaya jim a gaban kabarin.

"Nawa kashi goma ne, Baba," ta ce. "Gaban kaɗai zan sayar. Zan kawo safiyo mai awon fili ya yanka, a rubuta cewa baya naka ne da zuriyarka. Amma ba zan ɓoye maka ba, in mutane suka ga kabari suna ja da baya. Zai ɗauki lokaci."

"Ga tsada, ga jira," in ji Ƙauna. "To me muka saya?"

"'Yar'uwa, zan yi ta korar masu kuɗi ina neman wanda zai yarda da maƙwabtaka da Mama. Yawon nan kuke biya."

Da ta tafi Ƙauna ta sauke goyo, ta jawo kujera kusa da shi. Ba mai kewaye-kewaye ba ce.

"Baba, ka kira Martins."

"Yaushe kika zama ejan ke ma?"

"Ba wasa nake ba. Dubi ƙafarka. Mama ta huta, kai ne kake numfashi. In ka warke ni da kaina zan riƙa raka ka makabarta."

Ya dubi jaririyar tana jan igiyar takalminsa.

"Tun da muka yi aure ta gefen bango nake kwana," ya ce. "Ranar da aka haƙa mata kabari, na ce a bar mini wuri kusa da ita ta gefen bango. An bar mini. Yanzu in tone ta domin in ƙara wata nawa? Likitan ma bai yi mini alkawari ba."

"Ko wata ɗaya ne, naka ne."

"Na sani, 'yata. Kira mini Bernice."

Ta kira ta.

Damina ta sauka sosai. Bernice ta yi ta kawo mutane suna taka caɓi, su yaba filin, su leƙa baya, su ce za su yi shawara. Zumuntar matan coci ta yi karo-karo, abin ya tsaya a magani kawai. Kumburin ya wuce gwiwa. Ƙauna ta koma dama masa kunu mai ruwa-ruwa, ta bar ƙofarta a buɗe ko da zai kira.

Wata rana ta tare Bernice a bakin hanya.

"Madam, mutumin nan yana ƙarewa."

"Ina gani. Jiya wani ya ninka kuɗin, in dai za a ɗauke kabarin. Na faɗa wa Baba, ban rage kalma ba."

"Ya ce me?"

"Ya ce in gaida mutumin."

Ƙauna ta so ta zage ta, ta rasa laifin da za ta kama. Ta juya ta shiga gida.

Ranar wata Alhamis da hantsi ta ba shi kunu, ya sha cokali kaɗan ya kau da kai. Ya ce ta jingina shi ta wajen taga, ɗakin ya yi masa duhu. Hadari ya taso, ta ce bari ta kwashe shanyar yara ta dawo. Da ta dawo da kayan a kafaɗa, kansa ya karkata a kan filo, bakinsa a ɗan buɗe. Ta kira shi. Ta taɓa hannunsa. Sai ta zauna a bakin gadon, kayan suna nan a kafaɗarta, har ruwan ya sauko.

An yi jana'iza a bayan gida, Fasto ya yi addu'a a ƙarƙashin lema. Martins bai zo ba. Bernice ta zo, ta tsaya can baya tare da mata.

Ba a daɗe ba mai saye ya samu, wani malamin makaranta daga Fadan Kagoma. Ya ga kaburburan biyu ya ce su ma a garinsu haka suke yi. 'Yar Baba ta zo ta sa hannu, ta yi kuka, ta koma. Da magina suka fara katangar da ta raba filin, Bernice ta tsaya a kansu har suka bar wata 'yar ƙofa ta gefe mai shiga wurin kaburburan.

Ƙofar ta yi ƙunci. Da safe Ƙauna ta zo da tsintsiya, ta karkata kafaɗa, ta kare kan jaririyar da tafin hannu kada ya bugi bulo, ta shige.